Fili Tara Ya Gada

Gara in ba ku labarin nan da bakina, don in kuka bari Jalo ya riga ni, wallahi sai ya zuba masa gishirin da ba zai ciwu ba.

Ni ne Tanko Sarkin Ƙofa. Ba wani sarki ne ya naɗa ni ba, ni na naɗa kaina, kuma har yau ba wanda ya zo karɓar rawanin. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Gwarzo zuwa Kabo ya ga injin matsar gyaɗa na Alhaji Abdulmumini. In kuwa ya ga injin, to ya gan ni, a kan benci, da sandata, da hula a karkace.

Aikina ido ne. Wa ya zo, wa ya makara, wa ya sulale ya tafi gona, ni ke gaya wa Alhaji. In mutum ya makara ya zo da goro, to bai makara ba, rana ce ta yi saurin fitowa. In ya zo hannu rabbana, ko da asuba ya iso, sai na duba lamarinsa. Haka muke zaune lafiya, kowa na cin arzikin kowa, har ɗan Alhaji, Zainulabidin, ya gamo karatu a Kano aka ba shi manaja.

Yaron kirki ne, sai dai karatu ya yi masa yawa. Bai yi sati ba ya cika ofis da kwamfuta. Sikelin auna gyaɗa ma sai da ya ɗaura masa waya. Rannan sai ga shi ya sa an kafa wata 'yar na'ura a jikin bango, daidai saitin kaina, kamar ƙaramar rediyo, da ɗan gilashi a gindinta. Ya tara ma'aikata duka ya ce, "Daga yanzu ba sauran 'na gan shi' ko 'ban gan shi ba'. Kowa ya zo da safe zai ɗora babban yatsansa a nan. Wanda na'ura ta gani ya zo aiki. Wanda ba ta gani ba bai zo ba, ko da a nan ya kwana. In wata ya ƙare, duk wanda ba ta san shi ba sai ya nemi wani wurin."

Jalo, mai kula da injin, taubashina ne, tun muna yara bai taɓa barina na sha ruwa cikin daɗi ba. Ya zunguro ni ya ce, "To, Sarkin Ƙofa, ga magajiyarka tun kana raye. Ita kuma ba ta cin goro."

Na yi kamar ban ji shi ba. Sai Zainulabidin ya ɗora yatsansa don ya gwada mana. Wata koriyar wuta ta kama, muryar mace ta fito tar, mai daɗi kamar ta gidan rediyo: "Tankiyu."

Na yi zumbur na miƙe na ce, "Na'am!"

Jama'a suka juyo. Na ce, "Ba ku ji ba? Tanko ta ce. Sunana ta kira."

Zainulabidin ya ce, "A'a Baba, godiya take yi..."

Na ce, "To da wa za ta gode wa in ba ni ba? Baƙuwa ta sauka, ai mai ƙofa take fara nema. Tun a Kano ta ji labarina."

Zai ƙara magana wayarsa ta yi ƙara. A nan take dabara ta faɗo mini. Na ce a raina, Tanko, ba korarka aka zo yi ba, girma aka ƙara maka. Daga yau kai ne tafintan na'ura. Ba mai jin yarenta sai kai, ba mai shiga tsakaninta da jama'a sai kai.

Aka zo yin rajista, na ce ni ne farko. Zainulabidin ya ɗauki hotona, ya rubuta sunana, ya ce, "Baba, ka ɗora yatsa, ka ɗaga, ka sake ɗorawa, har sai ta yi magana." Ya fita bakin titi yana ɗaga waya sama yana neman sabis.

Na nufi gilashin ke nan Jalo ya raɗa mini, "Ka ga wutar nan ta ciki? Jini take zuƙa. Wani a Dugabau tun da ya ɗora bai ƙara iya ɗaga lomar tuwo ba."

Ni fa ban ji tsoro ba. Hannuna ne ya ji. Ina tura shi yana dawowa, ina tura shi yana dawowa.

Matata Sabuwa tana tuyar ƙosai a bakin ƙofar. Sabuwa sunanta, amma ta girmi injin niƙa na farko da aka kawo Kabo. Ta gaji da kallona, ta goge hannu a zani, ta taso ta ce, "Malam, matsa. Haka ake yi." Ta ɗora yatsanta, ta ɗaga, ta ɗora, ta ɗaga. Na ƙyale ta, don ko sarki ba ya cin abinci sai an ɗanɗana masa. Na'ura ta ce, "Tankiyu." Da na ga Sabuwa ba ta faɗi ba, sai ni ma na ɗan shafi gilashin da bakin farce. Zainulabidin ya dawo ya leƙa ya ce, "Madalla Baba, ka shiga. Na gaba!"

Washegari na zo da babbar riga. Ma'aikata suka yi layi. Duk wanda ya ɗora, ta ce "Tanko", ni kuma in ce, "Na ji, ya wuce." Na gaya musu rahoto take ba ni. Wata daga cikin mata masu tsince gyaɗa har da rusuna mini. Da layi ya ƙare na gyara hula, na naɗe hannun riga, na ɗora nawa.

Jar wuta ta kama. Ta ce, "Filis tirai egen."

Na sake. "Filis tirai egen."

Jalo ya ce, "Tafinta, me ta ce? Mu dai mun ji ba Tanko ba ne."

Na ce, "Kai jahilci bai yi ba. Za ta kira sunana a gabana ne, kamar marar tarbiyya? Kirari take mini. Cewa ta yi: fili tara ya gada."

"Fili tara? Kai? Kai da ko akuyarka a filin maƙwabta take ɗaure?"

"To ka yi musu da kwamfuta mana."

Ya koma wurin injinsa. Kafin azahar labari ya kai tasha.

Kasuwa ta buɗe mini. Da ma na'urar ta takura wa mutane. Ba ta san jana'iza ba, ba ta san suna ba, ba ta san an yi ruwan shuka ba. Da can mutum zai ce, "Baba Tanko, surukata ce ba lafiya," in ce Allah ya sawwaƙe, shi ke nan. Ita kuwa ko surukarka ta mutu sau biyu, lokacin da ka ɗora shi za ta riƙe. Sai suka riƙa kawo mini goro in roƙar musu ita. In karɓa, in ɗora mata ɓari ɗaya a ka, in matsa kusa in yi ƙus-ƙus, in juyo in ce, "Ta haƙura, amma kar a kuma." In ba kowa sai in ɗauke ɓarin in cinye, tun da na lura ba ta damu da shi ba.

Ana nan sai Zainulabidin ya kira ni ofis. Ya juyo mini da fuskar kwamfuta ya ce, "Baba, nan ta nuna ba ka zuwa aiki."

Na ce, "Ɗana, ni da ke buɗe maka ƙofa kullum?"

"Ni ina ganinka. Ita ce ba ta ganinka. Kuma doka ce, ni na kafa ta a gaban kowa, ba zan karya don kai ba. Ko in sake maka rajista?"

A sake mini rajista? A gaban Jalo? Tafinta guda? Na ce, "Bar shi. 'Yar tsama ce tsakanina da ita, irin ta manya. Za mu shirya."

Na zauna na yi nazari, na gano laifina. Ban taɓa gaishe ta ba! Kullum sai dai in cusa mata yatsa kamar mai zungurar jaki. Da safe na riga kowa tsayawa a gabanta, na cire takalmi.

"Salamu alaikum. Hajiya, an tashi lafiya? Ya baƙunta? Ya gajiyar hanya? Ya aka baro mutanen Kano? Ya zafin garin namu? Ya haƙuri da yaran nan?"

Daga baya wani ya ce, "Baba Tanko, lokaci fa!"

Na ce, "Ku yi mini shiru, ana magana da manya. Hajiya, ya iyali? Ya masu gidan? Ya wutar lantarki?"

Sai da na kai har kakanninta na Turai, sannan na ɗora yatsa a hankali. "Filis tirai egen." Ranar nan duk wanda ke bayana sai da ta rubuta shi a makararru. Waɗanda suka ba ni goro suka fara yi mini wani irin kallo.

Na sake nazari. Sai na buga cinya. Haba Tanko! Kai da ka yi ta dangwala ƙuri'a tun kana da baƙin gashi, yaushe ka taɓa ganin an dangwala ba tawada? Na aika makarantar allo aka cika mini 'yar kwalba. Da safe na tsoma yatsa har gindi, na danna a gilashin, na murza sosai yadda malaman zaɓe suke koya mana.

"Filis tirai egen."

Na bayana ya ɗora. "Filis tirai egen." Na bayansa ma haka. Mata masu tsince gyaɗa, masu dako, direba, kowa da baƙin yatsa, kowa da kirari. Jalo ya ɗaga nasa sama ya ce, "Jama'a, albishirinku! Yau duk mun yi gado. Kowa fili tara. Ƙasar Kabo ma ba za ta ishe mu ba, sai an ƙaro daga Gwarzo."

Zainulabidin ya fito da auduga yana goge gilashi, yana tambayar wanda ya yi wannan aika-aika. Na ce ina zargin ƙadangare.

Ina murnar wannan ta wuce, sai ga yayana Baƙo daga Getso, a bayan babur, da tabarmarsa da butarsa. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Tanko, ashe haka kake? Da Baba ya rasu ka ce mini ba abin da ya bari sai jaki da garma."

"Yaya, ai gaskiya ce."

"Ƙarya kake. A kasuwar Getso na ji. An ce kwamfuta ta tona maka asiri, fili tara ka gada. Ba inda za ni sai ka nuna mini su. Biyar nawa, ni ne babba."

Na ja shi gefe na ce, "Yaya, magana ce irin ta ofis, ba za ka gane ba."

Ya ce, "Zan gane a gaban alƙali." Ya shimfiɗa tabarma a zaurena. Sabuwa kuwa ta daina zuba mini ƙosai. Ta ce mai fili tara ya sayi nasa.

Wata ya kusa ƙarewa, ga Baƙo a zaure, ga aiki na shirin suɓucewa. Na ƙura wa yatsana ido, na ce lalle dattin shekaru ne ya rufe shi. Na jiƙa shi a ruwan kanwa. Bai yi ba. Na dirje da toka da lemon tsami. Bai yi ba. Na je wurin kafinta na aro samfefar goge katako, na murje shi da ita. Da na ga babban yatsa ya yi sumul yana ƙyalli, sai na ce to me sauran suka yi da za a bar su cikin duhu? Na bi su ɗaya bayan ɗaya, hagu da dama. Hannuna ya yi laushi kamar na amarya. Allura ma na kasa ɗauka.

Sai Alhaji ya sa ranar nuna wa jama'a ci gaban da aka samu. Ya gayyato 'yan kasuwar gyaɗa daga Gwarzo, da Getso, da Dugabau, aka kafa rumfa, aka jera kujeru. Tun da farko ni na roƙe shi ya bar ni in gwada na'urar a gaban baƙi, lokacin da kaina ke hayaƙi. Ya riƙe maganar, Allah ya saka masa.

Alhaji ya tashi ya ce, "Ga Tanko, shi ya fi kowa daɗewa a wurin nan. An ce ma har yarenta yake ji. Bismilla, Sarkin Ƙofa."

Na fito da takama. Na ɗaga wa baƙi hannu. Na ce, "Jama'a, abin nan ba wuya, sai dai yana son ilimi." Na yi bismilla a ɓoye, na ɗora.

"Filis tirai egen."

Kafin in buɗe baki sai ga Baƙo ya ratso taro yana ɗaga sanda. "Kun ji ko! Kun ji da kunnenku! Alhazai, ku ne shaiduna! Fili tara ya gada!"

Na canja yatsa. "Filis tirai egen."

"Ta maimaita! Allah ya yi miki albarka, baiwar Allah! Faɗi gaskiya komai ɗacinta! Tambaye ta, Tanko, a ina filayen suke?"

Na sa na hagu. Na sa manuni. Na sa ɗan ƙarami. Kowanne na ɗora sai ta ba Baƙo shaida, shi kuma sai ya yi kabbara. Wani Alhaji daga Dugabau ya ce, "Ikon Allah, har rabon gado take yi? Nawa ake sayar da ita?"

Zainulabidin ya ga abin zai lalace, ya karɓi lasifika ya ce, "Don Allah a saurara. Ba maganar fili take ba. Turanci ne. Cewa take, a sake gwadawa, ba ta gane mai yatsan ba. Wancan kuma da take faɗa wa kowa, ba Tanko ba ne, tankiyu ne, wato an gode."

Ina jin idon duk wanda ya taɓa ba ni goro a ƙeyata.

Baƙo ya ce, "To filayen fa?"

Jalo ya ce, "Suna nan cikin bakin ƙaninka, Yaya Baƙo. Har da rijiya."

Dariya ta ɓarke. Ni kuwa na ƙi barin wurin, ina ta danna gilashi ina cewa, "Hajiya, ni ne fa. Ni ne mai ba ki goro."

Sai na ji an ture ni gefe. Sabuwa ce, da matsamin ƙosai a hannu. Ta ce, "Malam, ka ishe ni. Wata guda kana kunyata ni a bakin titi. Sau nawa zan nuna maka? Haka ake yi!" Ta dangwara yatsanta.

Koriyar wuta ta kama. Hotona ya fito a fuskar na'urar, da hulata a karkace, da haƙorana na goro, da sunana a ƙasa. Murya ta ce, "Tankiyu."

Zainulabidin ya dubi hoton, ya dubi Sabuwa, ya dafe kai. "Inna, ranar rajista ke kika ɗora?"

Ta ce, "To da wa? Yana tsaye yana rawar ɗari kamar kazar da aka tsamo a ruwa."

Jalo ya cire hula ya rungume ta a ƙirji ya ce, "Allahu akbar. Na tuba, jama'a, kwamfuta ba ta ƙarya. Shekara da shekaru muna neman sanin waye Tanko a gidan nan. Yau ta nuna mana."

Alhaji ya yi dariya har rawaninsa ya warware. Da ya samu numfashi ya ce a sake mini rajista yanzu-yanzu, a wuce wurin. Zainulabidin ya kama hannuna, ya ɗora wannan, ya ɗora wancan, har ya ƙare su. Ya ɗaga tafina ya duba a rana ya ce, "Baba, me ka yi wa hannunka? Ba zane ko ɗaya. Kamar gindin kwalba."

Na ce, "Tsafta ce."

Jalo ya ce, "A gwada na ƙafa."

Zainulabidin ya juya wurin mahaifinsa ya ce, "Alhaji, bisa tsari, wanda na'ura ba ta sani ba..."

Nan take na hango ƙarshena. Na ga bencina, na ga sandata, na ga kaina a zaure tare da Baƙo muna rabon jaki da garma.

Alhaji ya share hawaye ya ce, "Tsaya, manaja. Na'urarka ta san Tanko ko ba ta san shi ba?"

"Ta san shi, amma..."

"Yau ya zo aiki ko bai zo ba?"

Yaro ya leƙa ya ce, "Ta nuna ya zo."

"To shi ke nan. Ni ban karya dokarka ba. Kafin zanen hannunsa ya tsiro, Sabuwa ta riƙa ɗora masa. Ranar da ta ɗora ya zo. Ranar da ba ta ɗora ba, ku kuka sani."

Sabuwa ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Alhaji, na karɓa. Sai dai yatsan nan nawa yana da laulayi. In ban samu mai ɗauko mini kasko da itace da safe ba, ba ya ɗaguwa."

Baƙo ya naɗe tabarmarsa a ranar, ya tafi da butata a maimakon tasa, wai ladan hanya. Goro kuwa ya ƙaura daga wurina, ko ɓari ba mai miƙo mini.

Yanzu in kun biyo hanyar da sassafe za ku ga wani dattijo da kasko a ka, da ɗaurin itace a hammata, yana bin wata tsohuwa a baya yana cewa, "Ranki ya daɗe, a taka a hankali." Kar ku yi mini kallon tausayi. Ku faɗa mini, duk faɗin Gwarzo da Kabo, wane ma'aikaci ne yake da wakilin da ke sa masa hannu, in ba manyan mutane ba?

Zainulabidin ya ce zanen zai dawo. Sabuwa kullum sai ta kama hannuna ta duba, in ta ga alamar ya fara fitowa sai ta ba ni wanke-wanke da toka.

Ita kuwa na'urar, ku bar Turancin yaron nan, ni na san abin da kunnena yake ji. Har gobe in an ɗora, Tanko take cewa. Mu biyu muke amsawa. Sai dai Sabuwa ce ke fara cewa na'am.